Ku Tambaya Mu Amsa: Buga Suna da Zane a Jikin Riga a Cikin Gida

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon daga Makka da Jidda da Madina sun karkata kan sana'ar buga rubutu da zane a jikin riga ta hanyar sitansil, wato leda ko takarda da aka yanke siffar zane a jikinta, a ɗora a kan yadi, a shafa fenti ta cikin ramin. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana zai yi walimar saukar Alƙur'ani, ina so in yi wa ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta su takwas riguna iri ɗaya, kowa da sunansa a ƙirji. Shagon da na je sun ce kowane suna da kuɗinsa daban, lissafin ya fi ƙarfina. Zan iya yi da kaina? Daga wata uwa, unguwar Misfala, Makka.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka a karatun. Za ki iya. In kin taɓa yin jan lalle da salatif, kin riga kin san rabin aikin: a rufe inda ba a son launi, a bar inda ake so a buɗe, kuma kyan zanen yana ga yadda bakin salatif ɗin ya kama.

Ki fara da rigar. Ki duba 'yar takardar da ke wuyanta, ki nemi auduga zalla, fara ko mai hasken launi. A kasuwa irin ta Utaibiyya saye da dozin ya fi sauƙi, kuma rarar guda huɗun ba asara ba ce, don ɗaya daga ciki ta gwaji ce. Ki wanke su da omo kafin komai, ban da ruwan ƙamshin nan mai sa kaya laushi. Sabuwar riga tana zuwa da wani sinadari mai kama da sitaci daga masana'anta, shi da ruwan laushin duk suna hana fenti shiga zare. Sannan auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko. Gara ta tsuke kafin a yi rubutun, ba bayan an yi ba. Su bushe, ki goge su sumul.

Tunda kowane suna sau ɗaya za a buga shi, sitika ta fi dacewa, irin ledar nan mai gam a baya da ake shimfiɗawa a durowar kicin ko a rufe littattafan makaranta. Ki sa a buga miki sunayen daga kwamfuta da rubutu mai kauri, tsayin harafi santimita 4 zuwa 5, kaurin jikinsa kada ya gaza milimita 5. Ki manna takardar a kan fuskar sitikar da salatif, ki ɗora a kan gilashi ko kwali mai tauri, ki bi layin da wuƙar yankan takarda mai sabuwar reza. In kin zo lanƙwasa, takardar za ki juya, hannunki ya tsaya. Reza da ta fara jan leda maimakon yanka ta dakushe, a karya bakin a ci gaba da sabo. Ki cire haruffan ki zubar. Ramin da suka bari shi ne abin nema. Amma 'yan tsakiyar haruffa, irin cikin a da d da o, ki adana su a kan takardar bayan sitikar, za ki manna kowane a gurbinsa.

Fenti kuwa, ki ce fentin yadi kike so. Akwai Pebeo Setacolor da Marabu Textil da makamantansu a kantunan kayan zane irin su Jarir, cikin kwalba mai mililita 45 zuwa 50. Suna kawai a riga takwas, kwalba ɗaya ta isa har da saura.

Ki naɗe kwali da leda ki zura cikin rigar, don kada fenti ya ratsa zuwa baya. Kada ki ja rigar ta miƙe a kan kwalin, ta dai kwanta. Wadda aka ja, in an sake ta rubutun zai yamutse. Don gano tsakiya, ki ninka rigar biyu a tsaye tun kafin nan, ki ɗan taɓa da dutsen guga, layin ya fito. Saman rubutun ya sauko yatsu uku daga bakin wuya a rigar yaro, yatsu huɗu a ta babba. Ki manna sitikar, ki bi bakin kowane harafi da bayan cokali ki danne, ki rufe kewayen da jarida.

Yanzu ga inda mafi yawan masu koyo suke ɓata aiki. Ki zuba fenti kamar cokalin shayi ɗaya a faranti. Ki yanki soson wanke-wanke sabo, ko soson kwalliya, ki dangwala, sannan ki buga shi a kan takarda sau biyar ko shida har ya zama kamar babu komai a jikinsa. Da wannan busasshen soson za ki riƙa dannawa sama da ƙasa, daga kan sitika ki shigo cikin rami. Ban da gogawa gefe da gefe, domin gogawa ce ke cusa fenti ƙarƙashin bakin sitika. Shafin farko zai fito dishi-dishi, har ki ga kamar bai yi ba. Haka ake so. Ki jira minti 10 zuwa 15 ki ƙara na biyu, in da buƙata na uku. Ki ɗaga sitikar a hankali tun fentin ƙarshe yana da ɗan danshi, ki ɗauke 'yan tsakiyar da tsinin allura. In kika bari ya bushe ƙarau, fentin zai haɗe da sitikar, ki ja ta ta taho da bakin harafi.

Ki bar rigunan a shimfiɗe awa 24. Daga nan sai gashi, wanda shi ne ke ɗaure fentin da zaren: ki rufe rubutun da ƙyalle marar kauri ko takardar gashin kek, dutsen guga babu tururi, zafi tsakanin ɗigo biyu da uku na jikin maɓallin, wato daga digiri 150 zuwa sama, kina motsa shi minti 3 zuwa 5. Ki juya rigar ki maimaita ta ciki. In kwalbar ta faɗi wani lokaci daban, ki bi nata. A ba su kwana uku kafin wankin farko.

Tambaya: Na yi amfani da fentin akirilik na zanen allo da ƙanwata take da shi. Ya yi kyau ranar farko, wanki biyu ya tsattsage yana ɓarewa. Daga wani ɗalibi, Madina.

Amsa: Akirilik in ya bushe roba ce mai tauri, riga kuma miƙewa take yi, dole ɗaya ya ba da kai. Ana sayar da wani farin ruwa mai yauƙi da ake gauraya shi da akirilik don yadi, a wurin da ake sayar da fentin. Mafi yawansu kashi biyu na fenti ne da kashi ɗaya na ruwan, wasu kuma ɗaya da ɗaya, a duba jikin kwalba. Ruwan famfo ba ya maye gurbinsa. Yana tsinka fentin ne kawai, ya sa shi malala ƙarƙashin sitansil. Muna kuma zargin ka labta shi da kauri, ba ka gasa ba. Ka sake gwadawa da shafi marar kauri, ka gasa, ka riƙa wanke rigar a juye. Ka lura da ruwan ma: da rani ruwan tankin saman gida a ƙasar nan yana fitowa da zafin da ya wuce digiri 30 zuwa 40 da fentin yake jurewa, saboda haka wankin asuba ko na ruwan da aka tara ya huce ya fi. A shanya a inuwa.

Tambaya: Muna da ƙungiyar ƙwallo ta unguwa, mu ashirin da biyu. Muna son sunan ƙungiya a gaba, lamba a baya. Na yanka a kwali, cikin 6 da 8 da 0 ya faɗo, kwalin kuma ya jiƙe tun a riga ta uku. Jajayen jesi muka saya. Daga wani matashi, Hindawiyya, Jidda.

Amsa: Ɗan'uwa, matsala uku ka kawo a tambaya ɗaya, ta ukun kuma ba ka ma san da ita ba tukuna.

Ta farko, tsakiyar da ke faɗowa. A sitansil ɗin da za a ɗaga a sake ɗorawa, dole duk wani tsibiri ya sami gada da ta riƙe shi da sauran jiki. Kafin ka yanka, ka ja layi biyu da biro a kan lambar, sama da ƙasa, faɗin milimita 3, ka tsallake su wajen yanka. Lambobin da ke buƙata su ne 0 da 4 da 6 da 8 da 9. 8 tana son gada ga kowane ido. A haruffa akwai A, B, D, O, P, Q, R, da ɓ da ɗ namu. Bayan ka ɗaga sitansil, ka cike gurbin gadar da ƙaramin buroshi, ko ka bar shi haka, don a lambar jesi yana ma da kyau. Lambobi goma kawai za ka yanka, daga 0 zuwa 9, tsayin santimita 20 zuwa 25, ka riƙa haɗa su.

Ta biyu, kwali. Ka bar shi. Tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti ya fi komai: ba ya jiƙewa, yana yankuwa, ana wanke shi a sake amfani. In babu, ledar bangon takardu mai haske da masu kwafi suke sawa tana aiki. Da yake ba su da gam, ka fesa musu gam ɗin feshi na wucin gadi a baya, ka jira minti ɗaya ya yi danƙo kafin ka ɗora. Bayan kowace riga biyu ka share bayan sitansil ɗin da jiƙaƙƙen tsumma, domin fentin da ya maƙale a nan shi ke yi wa riga ta gaba tabo.

Sunan ƙungiya da za a buga sau ashirin da biyu kuwa, soso zai gajiyar da ku. Ga hanyar da ta fi sauri. Ka sayi zoben katakon nan biyu da masu surfanin hannu suke ɗaure yadi da shi, mai faɗin santimita 30, ka ɗaura masa yadin shifon ko tsohon labule shara-shara, ka ja ya yi tauri ko'ina. Ka yanka sunan a sitika, ka manna ta a ƙasan shifon, ɓangaren da zai taɓa riga. A nan dole rubutun ya zama a juye kamar a madubi, tunda fuskar sitikar ƙasa za ta kalla. Amfanin wannan hanya shi ne tsibirai suna manne da shifon, babu buƙatar gada. Ka rufe sauran filin da salatif mai faɗi, ka ɗora zoben a kan riga, wani ya danne, ka zuba layin fenti a sama, ka ja shi ƙasa da tsohon katin banki a karkace kamar digiri 45, sau ɗaya ko biyu, ka ɗaga zoben a miƙe. Sai dai fentin ruwa yana bushewa cikin idon shifon ya toshe shi. Ku jera rigunan duka da kwalayensu tun kafin a buɗe kwalba, ku kauce wa iskar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kada a tsaya hira. In aka tsaya sama da minti uku, a wanke zoben. Damshin Jidda yana ɗan taimakonku a nan, yana kuma cutar da ku wajen bushewa. Ku ba rigunan kwana biyu kafin gashi. Mutanen Makka da Madina akasin haka suke fama da shi, fentinsu kan bushe a faranti, sai sun riƙa rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Ta ukun ita ce jesin kanta. Kusan duk jesin ƙwallo foliyesta ce, zaren roba. Rinin da ake yi mata yana tashi in ya ji zafi mai yawa, ya shige cikin fentin da ke kansa, sai farar lamba a kan jar jesi ta koma ruwan hoda, wani lokaci bayan kwana biyu da gashin. Zafi mai yawa yana kuma sa yadin ƙyalli ko ya narke. Ka tsaya a ɗigo ɗaya zuwa ƙasa da biyu, ka tsawaita lokacin, ka gwada a cikin gefen ƙasan jesi ɗaya, ka jira kwana uku ka gani. In da ba ku riga kun saya ba, da baƙar lamba a kan jesi mai haske muka ba ku shawara. Tunda kun saya, baƙar lamba a kan ja ba ta nuna wannan aibin.

Tambaya: Fentin feshi na gwangwani da ake fesa wa ƙarfe fa? Ya fi araha. Daga wani mai karatu, Jidda.

Amsa: Yana kamawa, amma wurin zai yi tauri kamar fata, ya daɗe yana wari, ya tsage daga baya. Ga tutar yadi da za a rataya, babu laifi: a fesa a waje, daga nisan santimita 25, sama-sama. Ga rigar da yaro zai sa a jikinsa, ba mu yarda ba.

Tambaya: Ina koyar da yara a wata halƙar hadda. Ina so in buga musu aya a riga da rubutun Larabci, sannan ga bikin ranar ƙasa yana tafe, iyaye suna son tuta a ƙirji. Daga wani malami, Madina.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, ta fuskar aiki Larabci yana da daɗin yanka, don haruffa a haɗe suke, reza ba ta yawan tsayawa. Masu ido su ne abin lura: sodi, lodi, fa, ƙaf, mim, wau, ha kuri da ta kuri, da ain in ta zo tsakiyar kalma. Kowane yana son gada, ko a yi da sitika. Ɗigo ba matsala ba ne, rami ne kawai, amma a bar aƙalla milimita 3 tsakaninsa da jikin harafi, in ba haka ba siririn bangon zai yage su haɗe. Abin huda takarda na ofis yana fitar da ɗigo daidai wa daida. Rubutun Kufi mai kusurwa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba; Sulusi da siraran jelarsa da wasullansa sai gwani. A bar wasulla gaba ɗaya.

Batun aya kuwa, Malam ya fi mu sani, amma ra'ayinmu a bar ta. Rigar yaro tana shiga banɗaki, tana kwana a ƙasa, tana cuɗanya da sauran wanki, ƙarshenta tsumma. Sunan halƙar da sunan yaro da shekara sun wadatar. Haka tutar Saudiyya: kalmar shahada ce a jikinta, dalilin da ya sa ba a sassauto da ita ko a lokacin makoki, kuma Ma'aikatar Kasuwanci tana yawan gargaɗi a kan sa tuta da tambarin ƙasa a kayan sayarwa. Don 23 ga Satumba, ranar tunawa da haɗe ƙasar a ƙarƙashin suna ɗaya a 1932 zamanin Sarki Abdul'aziz, farar riga da koren rubutu na kwanan watan, ko zanen reshen dabino, ya isar da saƙo ba tare da an taɓa abin da ake girmamawa ba.

Tambaya: Na shafa rawaya a baƙar riga, ya ɓace kamar ban shafa ba. Wata ta ce in bar fenti in yi da bilic. Gaskiya ne? Daga wata baiwar Allah, Shari'a Mansur, Makka.

Amsa: 'Yar'uwa, fentin yadi iri biyu ne. Akwai mai shara-shara da aka yi don farin yadi, akwai mai rufewa da aka yi don yadi mai duhu, kuma a jikin kwalba ake rubutawa. Na farkon kika samu. Ki nemi na biyun, ko ki fara shimfiɗa fari shafi biyu, ya bushe, ki ɗora rawayar a kai ba tare da kin motsa sitansil ba.

Maganar bilic gaskiya ce, kuma ita ce hanya mafi araha duka, sai dai ba launi yake sawa ba, cirewa yake yi. Baƙar auduga ba ta komawa fara. Ruwan goro ko ruwan ƙasa take bayarwa, gwargwadon rinin da aka yi mata. Foliyesta ba ta jin sa ko kaɗan, siliki da ulu kuwa cinye su yake yi, saboda haka kada ki kusanci abayarki da shi. Ki haɗa bilic irin Clorox da ruwa ɗaya da ɗaya a kwalbar feshi, ki sa kwali mai leda a ciki, sitika ta kama sosai, ki fesa sama-sama daga nisan santimita 30, ki tsane abin da ya taru a kan sitikar da tishu nan take don kada ya gangara. Cikin minti 5 zuwa 10 launin zai juya. Da ya kai yadda kike so, ki cire sitika ki tsoma rigar cikin ruwa mai yawa. Ɗauraya kaɗai ba ta kashe bilic. Wanda ya rage yana ci gaba da cin zare, sai bayan 'yan wanki ki ga huji a daidai zanen. Ki sayi ruwan haidurojin na wanke ciwo mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari a kantin magani, kofi ɗaya cikin kofi goma na ruwa, ki jiƙa rigar da kika riga kika ɗauraye minti 10, sannan ki wanke da omo.

A yi wannan aiki a saman bene ko tsakar gida, da safar hannu, yara suna nesa. Kuma kada bilic ya haɗu da khal ko ruwan wankin masai irin Flash, ko a bokiti ɗaya ko a magudana ɗaya. Haɗinsu yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, a rufaffen banɗaki tana iya kisa.

Tambaya: Yaya ake launi biyu ba su hau juna ba? In kuma fenti ya ɗiga inda ba a so fa? Daga wata ɗaliba, Jidda.

Amsa: Kowane launi da sitansil ɗinsa, dukansu a yanke su daga zane ɗaya, girman leda ɗaya. Ki huda ƙananan ramuka biyu a kusurwoyin sama, wuri ɗaya a kowace leda. In kin ɗora ta farko, ki manna guntun salatif na takarda a kan rigar ƙarƙashin ramukan, ki ɗiga biro ta ciki. Ta biyu sai ki daidaita ramukanta da ɗigon. Launi mai haske ake farawa da shi, mai duhu ya biyo, don ya rufe ɗan kuskuren baki. Na farko ya bushe sosai, minti 30, ko minti 2 da na'urar busar da gashi a matsakaicin zafi, kuma sitansil na biyun ya zama leda wadda gam ɗinta ba mai ƙarfi ba ne, kada ya ɗago fentin da ba a gasa ba.

Ɗigon da yake ɗanye, ki kwashe shi da bakin cokali, ki dangwala ruwan sanyi da sabulu ta bayan yadin, kada ki murza. Wanda ya bushe amma ba a gasa ba, audugar kunne da sifirit na kantin magani suna tausasa shi ya fita, a sa tishu a ƙasa yana tsotsewa. Wanda dutsen guga ya riga ya hau ya zauna ke nan, sai dai ki yanka ɗan tauraro ko ganye a sitika ki buga a kansa da launi mai duhu, ki ƙara biyu ko uku a kusa don ya zama cikin zanen.